Kujerar Sharhi: Sana'ar Tsohon Ɗan Ƙwallo

A Ingila akwai wata ƙa'ida da takan ba baƙo mamaki. Ranar Asabar, daga ƙarfe 2:45 na rana zuwa 5:15 na yamma, ba a nuna wasan ƙwallon ƙafa kai tsaye a talabijin, don kada jama'a su lafe a gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi wayam. Tun shekarun 1960 ake kan wannan tsari. Saboda haka wasan Firimiya na ƙarfe uku, wanda matashi zai biya 'yan kuɗi ya kalla a gidan kallo a Kano ko Damagaram, mutumin Landan ba shi da halin ganinsa a ɗakinsa, sai dai ya yanki tikiti ya tafi fili. A wannan giɓi ne tashar Sky Sports ta kafa shirinta mai suna Soccer Saturday. Ana jera tsofaffin 'yan wasa a bayan dogon tebur, kowa da allonsa da abin sauraro a kunne, kowa yana kallon wasa guda da mutanen gida ba sa gani. Da ƙwallo ya shiga raga sai ka ji ɗayansu ya kurma ihu, mai gabatarwa ya waiwayo, shi kuma ya zayyana abin da ya faru kafin a tsallaka wani filin. Mutane ne zaune a gida suna kallon waɗansu mutane suna kallon ƙwallo, kuma shirin ya haura shekara 25 yana jan jama'a.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan tebur shi ne Paul Merson, tsohon ɗan wasan Arsenal, wanda ya shiga Sky a 2006. Ya ci gasar lig da Arsenal a 1989 da 1991, ya buga wa Ingila wasa 21, kuma yana cikin waɗanda suka ci nasu bugun fenariti a daren da Ajantina ta fitar da Ingila daga Kofin Duniya na 1998. Masu kallo sun san shi da saurin baki da karya sunayen 'yan wasan ƙasashen waje, har abin ya zama abin raha a shirin. Sun kuma san cewa a Nuwamban 1994, yana ɗan shekara 26, ya fito fili ya ce giya da hodar iblis da caca sun ci ƙarfinsa.

Aikin sharhi kashi-kashi ne, kuma ba kowane kashi ne na tsohon ɗan wasa ba. Mai kawo wasa kai tsaye, wanda ke kiran sunaye yana bin ƙwallo da baki, galibi ɗan jarida ne da ya koyi aikin tun daga rediyo. Tsohon ɗan wasa shi ne na gefensa, can saman filin inda ake hango komai, kuma ƙa'idarsa ta farko ita ce kada ya maimaita abin da ido ya riga ya gani. Kowa ya ga an zura ƙwallo. Abin da ake biyansa ya faɗa shi ne wane ɗan baya ne ya makara da taku biyu, wane ɗan tsakiya ne ya bar mutuminsa tun kafin a ɗaga ƙwallon. Sai kuma masu fashin baƙi na cikin ɗakin watsa shiri, waɗanda ke magana kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci da bayan an tashi. Hutun minti 15 ne, talla ta cinye wani kaso, abin da ya rage a raba wa mutum uku. Kana tsakiyar jimla furodusa yana ƙirga maka daƙiƙoƙi a kunne, kuma dole ka sauke maganarka daidai inda ya ce, fuskarka ba ta nuna ana yi maka magana ba.

Tashar ITV ce ta fara tara irin wannan zauren a lokacin Kofin Duniya na 1970, inda ta zaunar da Malcolm Allison da Derek Dougan da Pat Crerand da Bob McNab suna musu da juna, abin da ya janye mata masu kallo daga BBC. A lokacin musun ne hajar. Yau aikin ya ƙara nauyi. Tun da Gary Neville ya shiga shirin daren Litinin na Sky a 2011, Jamie Carragher ya biyo shi a 2013, sai aka saba da mai sharhi da ya kwana yana tace faifan wasa tare da masu nazari, ya tsaya gaban babban allo yana tsayar da hoto yana zana layi. Amma tsofaffin 'yan wasa da yawa sukan ce abin da ya fi ba su wuya ba na'urar ba ce. Abin wuyar shi ne ka ce wane bai taka komai ba yau, alhali bara tare kuke cin abinci, kuma ka san zai kira ka da daddare.

Jarin wannan sana'a suna ne, kuma jari ne da ke raguwa kowace shekara. BBC takan wallafa albashin manyan ma'aikatanta, shi ya sa aka san Gary Lineker yana karɓar kimanin fam miliyan 1.35 a shekara lokacin da yake gabatar da shirin Match of the Day, Alan Shearer kuma ya haura fam dubu 400 a waɗansu shekarun. Waɗannan su ne 'yan ƙalilan na sama. A ƙarƙashinsu akwai tarin mutane da ake biya wasa-wasa, yau rediyo, gobe tashar ƙungiya, jibi wata tasha a ƙasar waje, suna jiran waya ta yi ƙara. Kowace kaka kuma sababbi na yin ritaya da sunan da yara suka fi sani. A Agustan 2020 Sky ta sallami Matt Le Tissier da Phil Thompson da Charlie Nicholas a rana ɗaya, mutanen da suka shekara da shekaru a tebur ɗaya da Merson. Shi kaɗai aka bari daga cikin tsohon ayarin.

Don a gane yadda jaraba ke shiga wannan aiki, sai an koma ga yadda ake rainon ɗan ƙwallo. Tun yana ɗan shekara 16 ake tsara masa yini: ga lokacin atisaye, ga abin da zai ci, ga motar da za ta ɗauke shi. Atisaye yakan ƙare da azahar, daga nan sai matashi mai kuɗi a aljihu da dogon yini a gabansa. A Arsenal ta zamanin koci George Graham, Laraba ranar hutu ce, don haka Talata ta zama ranar sha, har 'yan wasan suka yi wa zaman nasu laƙabi da ƙungiyar Talata. Kyaftin Tony Adams na ciki, Merson na ciki. An ɗaure Adams a Disambar 1990 saboda tuƙi cikin maye. Merson kuwa ya sha faɗa cewa albashinsa na farko a Arsenal, a shagon caca ya ƙare cikin 'yan mintoci. Wato yawancinsu da ciwon suke isowa ritaya. Abin da ritaya ke yi shi ne ta kwashe abubuwan da ke danne shi: ihun dubban mutane ranar Asabar, da barkwancin ɗakin canza kaya, da dalilin tashi da safe. Mutum yana ɗan shekara 35, sa'anninsa na tsakiyar ƙarfinsu a wuraren aikinsu, shi kuwa an gama da shi.

Kujerar sharhi takan maido masa ɗan kaso na kowanne. Idan jar fitilar kyamara ta kama, gaba yakan faɗi kamar lokacin fita fili. Abokan tebur su ne sabon ɗakin canza kaya. Akwai kuma ranar da dole a gan ka cikin kwat, a kan lokaci, da hankalinka a jikinka. Ba wanda wannan ya yi wa rana kamar Jimmy Greaves. Mutumin da ya ci ƙwallo 44 a wasa 57 da ya buga wa Ingila, da ƙwallo 357 a babbar gasar ƙasar, ya bar West Ham a 1971 yana ɗan shekara 31, sannan ya nutse. Da bakinsa ya ce yakan sha manyan kofunan giya har 20 a yini, ya ɗora da kwalbar vodka da dare. A farkon 1978 ya yi shansa na ƙarshe. Shekara ɗaya bayan haka jaridar The Sun ta ba shi shafi, daga nan talabijin, kuma daga 1985 zuwa 1992 shi da Ian St John suka riƙe shirin Saint and Greavsie da miliyoyin mutane ke jira kowace Asabar. Yaran wancan zamani da dama sun san shi a matsayin dattijo mai ban dariya kafin su san irin ɓarnar da ya yi wa masu tsaron raga. Ya rasu a Satumban 2021 yana da shekara 81, bai koma wa kwalba ba.

George Best bai samu wannan sa'ar ba. Gwarzon ɗan ƙwallon Turai na 1968 ya zauna a teburin Soccer Saturday na wasu shekaru, an yi masa dashen hanta a 2002, ya koma sha, ya rasu a Nuwamban 2005 yana da shekara 59. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa game da mu masu kallo. Bayan talabijin, tsohon ɗan wasa yana da wata kasuwar: a gayyace shi walimar dare ko zauren taro, a biya shi ya ba da labaran da. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ga mutumin da tuna bara ne abincinsa. Kuma labarin da ya fi sa a tuntsire da dariya a irin waɗannan wurare shi ne na daren da aka bugu aka yi aika-aika. Best ya shekara da shekaru yana sayar da waɗannan labarai, ana tafa masa, ana miƙo masa kofi. Ray Wilkins, mai wasa 84 a rigar Ingila, wanda kowa ya shaida da ladabi da taushin murya a Sky da rediyon talkSPORT, shi ba ya cikin masu mayar da abin wasa. A 2016 kotu ta hana shi tuƙi na shekara huɗu, abin da ya nuna yadda giya ta kama shi. Ya rasu a Afrilun 2018 bayan bugun zuciya.

Abin bai tsaya a Ingila ba. Walter Casagrande, abokin wasan Sócrates a Corinthians kuma ɗan tawagar Brazil a Kofin Duniya na 1986, ya zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin tashar Globo, yana sharhi yana fama da hodar iblis da hiroyin a ɓoye. A Satumban 2007 ya yi mummunan hatsarin mota, aka kwantar da shi a cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye kusan shekara guda. Globo ta ajiye masa kujerarsa har ya dawo. Ranar 15 ga Yulin 2018, bayan Faransa ta doke Kuroshiya 4-2 a wasan ƙarshe a Mosko, ya faɗa wa masu kallo kai tsaye cewa burin da ya zo da shi Rasha shi ne ya iso a hayyacinsa, ya zauna a hayyacinsa, ya koma gida a hayyacinsa, kuma ya cika shi. Ya fashe da kuka, abokin aikinsa Galvão Bueno da ke gefensa ma ya kasa riƙe nasa.

Giya da ƙwaya dai suna da shaida. Ido kan yi ja, harshe kan yi nauyi, kyamara kuma ba ta rufa wa kowa asiri, don haka mai sha ya san akwai sa'o'in da dole ya haƙura. Caca ba ta da wari. Merson ya sha nanata cewa a cikin jarabobinsa uku ita ce mafi muni, saboda mutum zai iya rasa komai nasa a wayar hannu yana zaune a tsakiyar iyalinsa ba wanda ya lura. Ya ce abin da ya salwantar ya haura fam miliyan 7. Ya ce akwai lokacin da yana Aston Villa ya yi tunanin karya yatsunsa don kada ya iya buga wa dillalin caca waya. A 2019, bayan shekara 13 yana dariya a tebur kowace Asabar, ya rushe da kuka a wani shirin ITV da ya haɗa tsofaffin 'yan wasan Ingila ƙarƙashin koci Harry Redknapp, ya ce abin ya dawo masa. Lokacin kullen korona a 2020, da aka dakatar da ƙwallo, ya kwashe kuɗin da iyalinsa suka tara na kafin alƙalamin sayen gida ya zuba a cacar ƙwallon tebur, wasan da shi da kansa ya ce bai san kansa ba. A wani shirin BBC na 2021 likitoci a Imperial College ta Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa yayin da ake nuna masa hotuna iri-iri, sai aka ga hotunan caca sun fi na abinci da na iyali motsa ta.

Yanzu a dubi inda wannan mutum ke aiki. Sana'arsa ita ce ya san wa ya ji rauni, wa ke kan ganiya, wa zai ci wa. Kowane mako ana tambayarsa hasashen sakamako, da ci nawa-nawa, a wallafa. Ilimin da ake biyansa a kai shi ne ainihin abin da ke raɗa wa ɗan caca cewa shi ya fi sauran mutane sani, don haka wannan karon ba zai faɗi ba. Gasannin ƙungiyoyi 72 da ke ƙasa da Firimiya, waɗanda sakamakonsu ke gudana a ƙasan allon shirin Soccer Saturday, suna ɗauke da sunan kamfanin caca na Sky Bet tun 2013. Kamfanin ya daɗe da fita daga hannun Sky, sunan kawai ya riƙe, amma wasansa na hasashen sakamako shida, Super 6, a cikin shirin ake tallata shi. Lamarin kamar a ɗauki mai azumi aikin tuyar ƙosai ne. Ban ce tashar ce ta sa masa ciwon ba, tun yana yaro yake tare da shi, kuma aikin ya riƙe shi a lokutan da ba abin da ya rage masa. Amma wanda ya tsara shiri ya cakuɗa fashin baƙi da farashin caca har ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, ya san akwai irin Merson da yawa a cikin masu kallonsa, tunda ga guda nan zaune a gabansa.

Dokoki ma kamar sun tura tallan ne wajen 'yan sharhi. Dokar caca ta Birtaniya ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ita ta buɗe ƙofar tallan caca a talabijin. Tun 2014 hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa ƙwararrun 'yan wasa yin caca a kan kowane wasan ƙwallo a duniya, kuma an ga yadda aka dakatar da Ivan Toney wata takwas a 2023. Daga Oktoban 2022 aka hana kamfanonin caca sa fuskar duk wanda yara ke rububinsa a tallansu, abin da ya fitar da 'yan wasan Firimiya masu ci. Tsohon ɗan wasa kuwa sai a duba shi a karan kansa. A farkon 2023 hukumar sa ido kan talla ta wanke tallan kamfanin caca na Paddy Power da Peter Crouch ya fito a ciki, da na Sky Bet mai ɗauke da Micah Richards, bisa hujjar cewa ba yara ne mabiyansu ba, ko da yake daga baya a shekarar ta soke wani da Gary Neville ya fito. Ba wanda ya ce waɗannan mutane uku suna da wata matsala. Abin lura shi ne kuɗin tallan yanzu ya fi kwarara zuwa ga masu ritaya, kuma wanda ke jinyar kansa daga caca dole ya kau da kai daga ɗaya daga cikin hanyoyin samu mafi sauƙi a sana'arsa.

Akwai kuma ranar da waya ke daina ƙara. Clarke Carlisle ya shugabanci ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Ingila, ya yi wa ITV sharhi a Kofin Duniya na 2014, kuma ana yaba masa da kaifin basira. Ya daɗe yana fama da giya da ciwon damuwa. A ƙarshen shekarar, bayan an sanar da shi cewa aikinsa na tashar ya zo ƙarshe, ya ce kai tsaye gidan caca ya nufa. Kafin watan Disamba ya ƙare an kama shi da tuƙi cikin maye, kwana biyu bayan haka ya yi yunƙurin kashe kansa. Ya rayu, ya yi jinya, ya koma yana wayar da kan mutane a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ɗan ƙwallo yakan yi ritaya sau ɗaya ya sha wuyarta, mai sharhi kuwa yana iya fuskantar ta biyu, kuma wannan ba a shirya masa wasan ban-kwana.

Mafi yawan taimakon da ake samu daga cikin 'yan wasan ya fito. Tony Adams, wanda ya daina sha a 1996, ya kafa cibiyar Sporting Chance a 2000 a yankin Hampshire, inda 'yan wasa na yanzu da na da ke zuwa jinya, ƙungiyar 'yan wasan na cikin masu ɗaukar nauyi. John Hartson, tsohon ɗan gaban Arsenal da Celtic wanda shi ma ya koma sharhi, ya ce tun 2011 rabonsa da caca, kuma zaman mako-mako na masu fama da irin ciwonsa ne ya riƙe shi. Merson ya miƙa wa matarsa ragamar kuɗinsa gaba ɗaya, albashinsa ba ya biyowa ta hannunsa. Peter Shilton, wanda ya fi kowa buga wa tawagar maza ta Ingila wasa, ya ce ya yi shekara 45 yana caca kafin ya bari a 2015, kuma yana cikin waɗanda suka matsa a cire sunayen kamfanonin caca daga rigunan 'yan wasa. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince za su cire su daga gaban riga bayan kakar 2025/26. Lokacin da aka yi alkawarin ƙungiyoyi takwas ne ke ɗauke da irin wannan talla a ƙirji, a kakar 2024/25 suka zama 11. Yarjejeniyar ba ta shafi hannun riga ba, ba ta kuma shafi allunan talla da suka kewaye fili ba.